Kaɗanya Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Duk matar da ta saba tashi da asuba a farkon damina domin tsintar 'ya'yan kaɗanya ta san abin da za mu faɗa. A gona ɗaya akwai itacen da 'ya'yansa suke da zaƙi har yara su yi ta rububi a gindinsa, akwai kuma wanda ko kallonsa ba sa yi. Wata kaɗanyar ƙwararta manya ce, cike da mai. Wata kuwa sai an sha wahalar daka da tafasa kafin a sami ɗan abin da za a zuba a ƙwarya. Kakanninmu sun san wannan tun da daɗewa. Yanzu masana ilimin tsire-tsire sun bi sawu sun binciko dalili.

Kaɗanya itacen daji ce. Ba a saba shuka ta ba, ita ke fitowa da kanta, manomi ya bar ta sa'ad da yake sharar gona. Tana nan tun daga Sanagal, ta bi ta Mali, Burkina Faso, arewacin Gana, Nijeriya, Kamaru da Cadi, har Sudan ta Kudu, Yuganda da gefen Habasha, tafiyar wajen kilomita 5,000. Masana sun raba ta gida biyu, watau ta yamma, irin tamu, da ta gabas wadda ke wajajen kogin Nilu.

Bambancin a cikin mai yake fitowa. Man kaɗen da muka sani yana daskarewa, har a dunƙula shi a kai kasuwa. Na Yuganda kuwa laushi gare shi ƙwarai, in rana ta yi zafi sai ya koma kamar ruwa. Dalili shi ne, kitse iri biyu ne suka fi yawa a cikin ƙwarar, mai tauri da mai ruwa-ruwa, kuma kowane itace da gwargwadon da ya gada. A Yuganda mai ruwa-ruwan ya fi rabi. A ƙasar Mosi ta Burkina Faso da arewacin Gana mai taurin ne da yawa. Wannan taurin ne masu yin cakulan a Turai suke nema, gama tun shekarar 2000 dokarsu ta yarda a haɗa irin wannan mai har kashi 5 cikin 100 a madadin man koko.

Da masana suka duba ƙwayoyin gado na itatuwa daga ƙasashe dabam dabam, sun tarar lalle na yamma da na gabas sun daɗe da rabuwa. Amma abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, yawancin bambancin yana cikin kowane daji ne, tsakanin wannan itace da maƙwabcinsa. Ƙudan zuma ne ke ɗauko garin fure daga wata kaɗanya su kai wa wata, saboda haka 'ya ba ta fitowa daidai da uwarta. Shi ya sa in ka shuka ƙwarar itace mai kyau, ba lalle ta ba ka irin 'ya'yansa ba, ga shi kuma sai ka jira shekara 15 zuwa 20 kafin ka gani.

Hannun mutane ma yana ciki. A Kirikongo, wani kufai a yammacin Burkina Faso, masu tonon tarihi sun sami ɓawon ƙwara da ya nuna ana sarrafa ta a can tun wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu. Tun daga lokacin manoma suna sare itacen da bai gamshe su ba, suna barin nagari. Zaɓe ne aka yi a hankali, tsara bayan tsara, ba tare da takarda ba.

To, ga inda damuwarmu take. Mai yin gawayi ba ruwansa da wannan zaɓe. Itacen kaɗanya na da nauyi, gawayinsa yana daɗewa a murhu, don haka shi ake fara nema, kuma manyan ake sarewa. Ba mu ga laifin mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa ba, amma buhun gawayi kwana kaɗan ne ya ƙare, itacen kuwa ya iya yin shekara 200 yana ba da 'ya'ya. In aka sare wanda ya fi jure fari, ko wanda kauci bai cika kama shi ba, halin nan ya tafi ke nan daga wannan daji. Ga shi an rage barin gona ta huta, garma kuma tana tumɓuke ƙananan da suka tsiro.

Akwai dabara ɗaya da ta yi amfani, watau aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro. A yanko reshen itacen da aka san nagari ne, a ɗaura shi a kan ƙaramar kaɗanyar da ta fito da kanta a gona. Sabon itacen zai ɗauki halin mai reshen, ya kuma yi 'ya'ya da wuri. An gwada haka a Burkina Faso da Mali, da kuma tashar bincike ta Bole a arewacin Gana. Wajen zaɓen itacen da za a yanko reshensa, ma'aikatan kan tambayi matan ƙauye, domin su ne suka san kowace kaɗanya da halinta.