Kare a matsayin mai ba da labarin yaƙi: matsalar murya a ƙagaggen labarin Hausa

0. Gabatarwa

Wannan maƙala tana duba tambaya guda: shin ana iya rubuta ƙagaggen labarin tarihi na ban dariya da Hausa, wanda kare ne ke ba da shi a lokacin yaƙi? A ganinmu ana iyawa, kuma nahawun harshen da kansa yana taimakawa.

1. Abin da ya gabata

Cikin adabin Faransanci, Patrice Nganang ya ba kare Mboudjak baki a Temps de chien (2001), amma a unguwar Yawunde, ba a fagen fama ba. Jean-Christophe Rufin kuwa, a Le Collier rouge (2014), ya kai kare yaƙin 1914-1918, sai dai bai ba shi magana ba. A Hausa, misali mafi kusa shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937-1939), inda aku ke tsare ɗan sarki da labarai don kada ya bi rundunar yaƙi. To amma aku ɗan fada ne, har waziri ya zama.

2. Matsayin kare a harshe

Kare ba ya da wannan daraja. Kalmar zagi ce, kuma harɗaɗɗun sunaye kamar karen farauta da karen mota suna nuna wanda ke wahala domin wani. Nan ne amfaninsa yake: yana shiga sansani da kasuwa, ba mai sassauta murya don ya ganshi.

A ɗauki shekarar 1899, sa'ad da sojojin Faransa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini, sannan ayarin Joalland da Meynier ya nufi tafkin Cadi. Karen wani gari na ƙasar Gure, kamar Gidigir, inda Hausa da Barbarci da Fulatanci ke haɗuwa a kasuwa, zai ji dukkan harsunan nan har da Faransanci, ba tare da ya san wanda ke mulki ba. Ban dariyar tana fitowa daga wannan jahilci: shi ya ga rabon nama, mai karatu ya ga ganima.

3. Wakilin suna a/an/aka

Hausa tana iya ɓoye mai aikatau: «aka ƙone rumbuna», «aka kwashe raƙuma». A bakin marubucin tarihi wannan kauce wa gaskiya ne. A bakin kare kuwa gaskiya ce tsantsa, domin bai san suna ko muƙami ba. Mai karatu ne zai cike gurbin.

4. Kammalawa

Haɗarin shi ne labarin ya zame ya koma tatsuniya, inda dabba ke magana ba shekara ba wuri. Abdoulaye Mamani ya riƙe sunaye da wuraren 1899 a Sarraounia (1980). Dole mai rubuta labarin kare ya riƙe su haka, in ba haka ba dariyar za ta shafe waɗanda aka kashe.