Cinikin da ya cinye jarin Cleveland Browns

A ƙwallon Amurka, wadda ake gudu da ita a hannu, ƙungiyoyi 32 na gasar NFL kan zaɓi matasan ƴan wasa daga jami'o'i kowace shekara. Wadda ta zo kurar baya ita ke fara zaɓa. Wannan dama ita ce jarin babban manaja, kuma ana cinikinta.

A 2022 Andrew Berry, manajan Cleveland Browns, ya miƙa wa Houston Texans zaɓin zagayen farko na shekara uku don ya karɓi Deshaun Watson. Aka kuma yanka wa ɗan wasan dala miliyan 230 na shekara biyar, ko ya buga ko bai buga ba.

Riba ba ta zo ba. Dakatarwa da rauni suka sa Watson ya buga wasa 19 kacal daga 2022 zuwa 2024. Houston kuwa ta juya ɗaya daga cikin zaɓin ta samo Will Anderson a 2023, sannan ta lallasa Cleveland da ci 45 da 14 a Janairun 2024.

Ƴan kasuwa sun san irin wannan: duk wanda ya zuba jarin shekara uku a haja ɗaya, ranar da ta ƙi fita ba shi da abin juyawa.