Ƙananan jiragen tururi na Jos: Abin da masu tara jiragen wasa ke nema a duniya yana tsaye a gidan tarihi

Duk wanda ya zagaya harabar Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Jos, bayan ya gama kallon kawunan yumɓu na Nok da jerin tukwanen gargajiya, zai tarar da wasu tsofaffin kawunan jirgin ƙasa da taragu a tsaye. Abin da ke fara ɗaukar ido shi ne ƙanƙantarsu. Wanda ya saba da jirgin Abuja zuwa Kaduna zai iya zaton an ƙera su ne domin nishaɗin yara. Alhali kuwa sun shafe fiye da shekara 40 suna jan kuza da fasinjoji tsakanin Jos da Zariya, da wuta a cikinsu da hayaƙi a kansu.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke kashe dukiya da shekarun rayuwarsu wajen tara ƙananan kwaikwayon irin waɗannan jirage, wasu na gwangwani, wasu kuma masu tafiya da tururi na gaske. Jos tana da na ainihi.

Layin da kuza ta haifa

Tun kafin zuwan Turawa, maƙeran Riruwai da Liruwen Dalma suna narkar da kuza, fatake suna kai ta kasuwannin ƙasar Hausa. Ganin wannan haja a kasuwa ne ya sa kamfanin Neja ya aiko masu bincike a farkon shekarun 1900 domin gano inda take fitowa. Nan da nan kamfanonin haƙar ma'adinai suka cika tsaunukan Filato. Matsalarsu ita ce hanya. A ka ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya har zuwa Loko a bakin kogin Binuwai, inda ake loda ta a jirgin ruwa.

Da layin dogo daga Baro ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Zariya, sai gwamnatin mulkin mallaka ta yanke shawarar fitar da reshe daga Zariya zuwa wuraren haƙar. An fara buɗe sashen Zariya zuwa Rahama a 1912, kuma kafin ƙarshen 1914 layin ya hau tsauni, ya wuce Jos ya kai Bukuru, tsawon kimanin kilomita 230. Yana bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre. An kira shi Ƙaramin Layin Dogo na Bauchi, ko da yake bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Dalili shi ne a lokacin Jos tana cikin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka ƙirƙiri Lardin Filato. Garin Bauchi kansa sai a 1961 ya ga jirgin ƙasa, ta wani layin dabam.

Faɗin da ke tsakanin ƙarafan layin shi ne asalin ƙanƙantar jiragen. Ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, wato kimanin santimita 76. Babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne, sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 kuwa ya kai santimita 143 da rabi. Siririn layi ya fi araha, ƙarafansa ba su da nauyi, kuma yana iya shan kwana mai tsanani, abin da ake bukata a hanyar da za ta tashi daga filin Zariya ta hau Jos mai tudun kusan mita 1,200 daga matakin teku. An ma yi tsimi ta wata hanyar: an kwaso wasu kayan aikin daga tsohon siririn layin Wushishi, wanda aka shimfiɗa a 1901 domin hedikwatar Turawa ta Zungeru. Kan jirgin wancan layin yana ajiye a tashar Minna.

Arahar tana da nata tsadar. Tarago na siririn layi ba ya hawa babban layi, don haka duk buhun kuza da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa. A 1927 babban layi daga Fatakwal ya iso Jos ta Kafanchan, ya buɗe wa kuza hanya kai tsaye zuwa teku, ya kuma kawo kwal daga Inugu. Daga nan tauraron ƙaramin layin ya fara dusashewa. Ya ci gaba da ɗaukar fasinja da amfanin gona, motoci suna cin kasuwarsa, har aka rufe shi a 1957.

Daga kuza zuwa jirgin gwangwani

Akwai wata dangantaka tsakanin kayan da jiragen Jos suka yi dako da jiragen wasan da ake tarawa a yau. Ɗaya daga cikin manyan amfanin kuza a masana'antu shi ne shafe siririn farantin ƙarfe da ita domin kada ya yi tsatsa. Da irin wannan faranti ake yin gwangwanin madara da na tumatir, da shi kuma aka riƙa ƙera kayan wasan yara na Turai kafin roba ta mamaye kasuwa. Kafin a gina matatar Makeri kusa da Jos a farkon shekarun 1960, ɗanyar kuzar Filato ana kai ta Ingila ne a narke, musamman a yankin Liverpool. A wannan birni ne Frank Hornby ya fara sayar da jiragen wasansa na gwangwani a 1920, waɗanda ake wana su da makulli kamar agogo.

Hornby bai riga kowa ba. Kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ne ya fito a 1891 da tsarin layukan wasa masu ƙayyadadden faɗi, ta yadda yaro zai sayi kan jirgi bana, tarago baɗi, su kuma dace da juna. A Amurka kamfanin Lionel, wanda aka kafa a 1900, ya fito da jirage masu aiki da lantarki. Waɗannan sunaye uku su ne har gobe ake ji a wuraren gwanjon tsofaffin kayan wasa.

Masu tarawa suna da ƙa'idojin da kan ba baƙo mamaki. Jirgin da fentinsa na asali ya koɗe ya fi wanda aka sake wa fenti daraja, domin sabon fenti yana shafe shaidar shekarunsa. Kwalin da aka sayar da shi a ciki, in ya tsira, yana ƙara masa kuɗi sosai. Suna duba tambarin kamfani, da irin ƙafafun, da ƙugiyar da ke haɗa taragu, su gane shekarar da aka ƙera shi. Wasu kuma ba tsufa ne ya dame su ba, daidaito suke nema: a ƙera jirgi ƙarami wanda kowane sashensa ya zama kashi 1 cikin 87 na girman na gaske, ko 1 cikin 76 kamar yadda aka fi so a Birtaniya, har da tasha da gada da tankin ruwa.

Masu hura wuta

Rukuni mafi wahala shi ne na masu ƙananan jiragen tururi. Nasu ba batir, ba lantarki. Yadda kan jirgin Jos yake aiki haka nasu yake, girma ne kawai ya bambanta.

Ana zuba ruwa a rufaffiyar tukunya, a hura wuta a ƙarƙashinta. Ruwa idan ya zama tururi yana neman wurin da ya ninka nasa fiye da sau 1,600, to da yake ba shi da mafita sai ƙarfinsa ya taru. Direba ya buɗe masa hanya zuwa cikin silinda, tururin ya tura fistan gaba, wani bawul ya juya shi ya turo fistan ɗin baya, sanda kuma ta mayar da wannan kai-komo ya zama juyin ƙafafu. Tururin da ya gama aiki yana fita ta bututun hayaƙi, fitarsa tana zuƙo iska ta cikin wutar, ta ƙara ruruwa. Wannan fitar ce ke ba da sautin nan da tsofaffin mazauna unguwannin tasha suka sani. A saman tukunyar akwai bawul na kariya da ke sakin tururi in matsin ya yi yawa, domin tukunyar da ta fashe, ko ƙarama ce, tana iya kisa.

Mafi ƙanƙanta, irin waɗanda kamfanin Mamod na Ingila ya shahara da su, ana ɗora su a kan tebur, wutarsu ta sifirit ce ko ƙwayar mai. Matsakaita suna zagaya lambun gida a kan layi mai faɗin milimita 32 ko 45, da iskar gas. Manyan cikinsu, masu layin inci 5 ko 7 da kwata, kwal na gaske suke ci, mutum ya zauna a baya da ɗan shebur yana zuba musu, su ja manya da yara a wurin shaƙatawa. Irin waɗannan galibi mai su ne ke ƙera su da hannunsa a ɗan shagon bayan gida, wani ya yi shekaru a kan guda ɗaya. Ƙungiyoyinsu ba sa barin a hura wuta a gaban jama'a sai an gwada tukunyar da matsin ruwa an ba ta takardar shaida.

Sha'awar ba baƙuwa ba ce a Arewa, sunanta ne dabam. Yaron da ya fere kara ya haɗa mota, ko ya yanka gwangwani ya yi mata ƙafafu da murfin kwalba, ya lanƙwasa waya ya yi sitiyari, aikin da yake yi ke nan. Bambancin kawai shi ne motar kara ba ta kai wa damina, kuma ba wanda ke ajiye ta.

Abin da wasu suka yi da irin na Jos

Masu wannan sha'awa ne suka fara ceto jiragen gaske. A 1951 wasu 'yan sa-kai a yankin Wales na Birtaniya suka karɓi siririn layin Talyllyn da ke dab da mutuwa suka ci gaba da tafiyar da shi, wanda shi ne karo na farko a duniya da aka yi haka. Wani layin a Wales ɗin, tsakanin Welshpool da Llanfair, faɗinsa daidai yake da na Zariya zuwa Jos. An rufe shi a 1956, shekara guda kafin na Jos, 'yan sa-kai suka sake buɗe shi a 1963.

Labarin ya taɓo Afirka ta Yamma. Layin dogon Saliyo shi ma ƙafa 2 da inci 6 ne. Da aka rufe shi a 1974, mutanen Welshpool suka je suka sayi kan jirgi mai lamba 85 da wasu taragu a 1975, suka kai su Wales, inda ya yi shekaru yana jan masu yawon buɗe ido. Sauran da suka tsira a wani shago a Freetown su ne suka zama gidan tarihin jirgin ƙasa na Saliyo a 2005. A Indiya kuwa, layin Kalka zuwa Shimla mai wannan faɗi, wanda aka buɗe a 1903, yana aiki har yanzu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 2008. Jama'a a can suna kiran irin waɗannan jirage da sunan jirgin wasa, suna kuma biyan kuɗi su hau.

Najeriya ba ta rasa nata ƙoƙarin ba. A Ebute Metta da ke Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara wani tsohon gidan ma'aikatan jirgin ƙasa, Gidan Jaekel, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi. Jos kuma ta ci albarkacin samun gidan tarihi tun 1952, wanda Bernard Fagg ya kafa, shekara biyar kafin a rufe layin, don haka da aka tashi zubar da kayan akwai inda za a kai wasu.

Sai dai ajiyewa daban, kulawa daban. Ƙarfe ba yumɓun Nok ba ne da zai kwana dubban shekaru a ƙasa ya fito da kamanninsa. Kan jirgin tururi da aka daina hura wa wuta yana lalacewa ne daga ciki: raɓa ta taru a tukunya, tsatsa ta cinye bututai, katakon taragu ya ruɓe, kuma damina a Jos ba ta wasa. Sannan ga kasuwar tsohon ƙarfe, wadda ta sa ana kwance ƙarafan layin dogo a sassa da dama na ƙasar nan. A wurin mai sayen gwangwan, farantin tagulla mai ɗauke da lambar kan jirgi da sunan masana'antar da ta ƙera shi kilo ne kawai a kan sikeli, alhali shi ne takardar haihuwar jirgin.

Abin da ake bukata a matakin farko bai kai tsadar tayar da jirgi ba: rufi mai kyau, mai da giris a kan lokaci, shinge, da cikakken rubutu na lamba da tarihin kowane kai da tarago. Bayan haka sai awo da zane. Da zane a hannu, ɗaliban kwalejin fasaha ko maƙeran da suka goge irin na Panteka a Kaduna za su iya ƙera ƙaramin kwaikwayo mai tururi da zai zagaya harabar, yaro ya ga da idonsa yadda ruwa da wuta ke juya ƙafa. Yana da wuya a sami darasin kimiyya da ya fi wannan shiga kai.

Akwai kuma tarihin mutane, wanda ya fi na ƙarfe saurin ɓacewa. Da hannu aka haƙa wannan hanya, da diga da kwando, kuma da yawa cikin leburorin ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 ta yanke wa Birtaniya babbar hanyar samun kuza, an tilasta wa dubban talakawan lardunan Arewa zuwa aikin haƙa a Filato har zuwa 1944, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da dama. Unguwannin Hausawa na Jos da Bukuru da barikokin kuza cike suke da jikokin waɗanda aikin kuza da jirgi suka kawo.

Waɗanda suka san hannun waɗannan injuna, direba da mai zuba kwal da mai ba da hannu a tasha, su ne za su iya faɗin inda ake shan ruwa a hanya, da yadda ake hawan tudun Jengre da kaya. Wanda yake ɗan shekara 20 ranar da jirgi na ƙarshe ya bar Zariya zuwa Jos a 1957, yanzu ya haura shekara 85.