Cacar intanet a Birtaniya: Me ya rage a kwatanta bayan tsaurara dokoki?

Duk mai bibiyar gasar Firimiya ta Ingila ya saba ganin sunayen kamfanonin caca a ƙirjin rigunan 'yan wasa. Tun a watan Afrilun 2023 ƙungiyoyin gasar suka amince a tsakaninsu cewa da zarar an kammala kakar 2025/26 za su cire irin waɗannan tallace-tallace daga gaban riga, kodayake ba a hana sanya su a hannun riga da allunan gefen fili ba.

Wannan shi ne abin da mai kallo daga nesa ke iya gani. Babban sauyin ya faru ne a cikin wayoyin salular 'yan Birtaniya, inda gidajen caca na intanet ke buɗe dare da rana. Daga 2020 zuwa yanzu gwamnati da Hukumar Kula da Caca ta ƙasar sun yi ta ɗaure waɗannan kamfanoni da dokoki ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga abubuwan da a da suke tinƙaho da su wajen jan kwastomomi sun zama kusan iri ɗaya.

Duk da haka shafukan da ke jera "gidajen caca goma mafi inganci" suna nan birjik a intanet. To me ya rage da za a kwatanta, kuma wa ke cin moriyar kwatancen?

Dokokin da suka hau kan kowa

An kafa dokar caca da ake aiki da ita a 2005, zamanin Firaminista Tony Blair, shekara biyu kafin fitowar wayar iPhone ta farko. Masu rubuta ta ba su hango lokacin da mutum zai riƙa yawo da gidan caca a aljihunsa ba. A 2014 aka yi mata gyara, aka wajabta wa duk kamfanin da ke karɓar kuɗin mazauna Ingila da Scotland da Wales mallakar lasisin hukumar, ko da kuwa ofishinsa na Malta ko Gibraltar.

Daga nan sai matakai suka riƙa biyo juna. A watan Maris na 2020 aka tilasta wa kowane kamfani shiga tsarin GamStop, wanda ke bai wa mutum damar toshe kansa daga dukkan shafukan caca masu lasisi lokaci guda, na tsawon wata shida ko shekara ɗaya ko biyar. Wata guda bayan haka aka haramta caca da katin bashi na banki. A Oktoban 2021 hukumar ta waiwayi wasan kalo-kalo na intanet, wato wanda ake danna maɓalli hotuna su juya, idan sun tsaya a jere an ci. Ta ce dole kowane juyi ya ɗauki aƙalla daƙiƙa biyu da rabi, ta hana na'ura ta riƙa juyawa da kanta, ta kuma hana kiɗa da walƙiyar murna a lokacin da abin da mutum ya samu bai kai abin da ya zuba ba.

Mataki mafi girma ya fito ne daga kundin manufofin da gwamnati ta wallafa a Afrilun 2023. A sakamakonsa, daga Afrilun 2025 babu wanda zai zuba sama da fam 5 a juyi ɗaya na kalo-kalo, sannan daga Mayun shekarar aka ƙayyade fam 2 ga 'yan shekara 18 zuwa 24. Kafin nan babu iyaka ko kaɗan a doka. Haka kuma duk wanda kuɗin da ya zuba suka zarce waɗanda ya cire da fam 150 a cikin kwana 30, sai kamfani ya duba bayanan da ke fili a kansa, kamar ko kotu ta taɓa ayyana shi a matsayin wanda bashi ya durƙusar.

Waɗannan sharuɗɗa duk mai lasisi ya hau kansu. Saboda haka idan wani shafi ya yabi wani gidan caca da cewa yana da GamStop ko yana tantance shekarun kwastoma, tamkar yabon direba ne don ya tsaya a jar danja.

Lissafin garaɓasa

Garaɓasar maraba ita ce tarkon da aka fi sani. Kamfani zai ce ga kyautar fam 10, amma a ƙananan rubutu sai ka tarar ba za a cire kuɗin ba sai an juya su sau 50. Ma'ana sai mutum ya yi cacar fam 500 tukuna. Idan wasan na riƙe kashi 4 cikin 100 na abin da aka zuba, matsakaicin asarar da za a yi a hanya fam 20 ne, ninki biyu na kyautar. Daga Janairun 2026 hukumar ta ƙayyade wannan sharaɗi zuwa sau 10 kacal. A lissafi iri ɗaya, cacar fam 100 ke nan da asarar kusan fam 4. Ta kuma hana garaɓasar da ke tilasta wa mai cacar ƙwallo shiga kalo-kalo kafin ya samu kyautarsa.

Da wannan mataki, babban ma'aunin da shafukan kwatance suka shekara suna jera kamfanoni da shi ya rage armashi.

Inda bambancin yake

Abu na farko da har yanzu ya bambanta daga gida zuwa gida shi ne kason da wasa ke mayar wa masu zuba kuɗi. Yawancin gidajen caca ba su ke ƙirƙirar wasannin ba, hayarsu suke yi daga kamfanoni irin su Playtech da Pragmatic Play da NetEnt. Sau da yawa wasa ɗaya kan zo da saiti fiye da ɗaya, gidan caca ya zaɓi wanda yake so. Suna ɗaya, hotuna ɗaya, kiɗa ɗaya, amma a nan yana mayar da kashi 96, a can kashi 94.

Tazarar kamar ba ta taka kara ta karya ba, sai an yi lissafi. Juyi ɗaya a daƙiƙa biyu da rabi na nufin juyi 1,440 a awa guda. Wanda ke zuba fam 5 ba tsayawa ya juya fam 7,200 ke nan. A wasan kashi 96, matsakaicin asararsa fam 288 ne a awa. A na kashi 94 kuwa fam 432. Wannan duk a cikin iyakar da sabuwar doka ta amince da ita. Doka ta ce a bayyana kason, kuma ana bayyana shi, sai dai galibi yana can cikin shafin bayanin wasa da ba kowa ke buɗewa ba.

Na biyu shi ne makomar kuɗin da ke asusun kwastoma idan kamfani ya karye. Kuɗin banki a Birtaniya suna da kariyar hukuma, na gidan caca ba su da ita. Abin da hukumar ta wajabta shi ne kamfani ya faɗi matsayinsa cikin uku: babu kariya, matsakaiciyar kariya, ko cikakkiya. Kamfani na iya zaɓar "babu kariya" kuma lasisinsa na nan daram. Daga ƙarshen Oktoban 2025 ne aka ce irin waɗannan su riƙa tunatar da kwastomominsu duk wata shida.

Waɗanda suka zuba kuɗi a Football Index sun ga iyakar abin da lasisi ke iya yi. Kamfanin, wanda ke sayar da "hannun jari" a kan 'yan ƙwallo, yana da cikakken lasisi kuma sunansa na kan rigunan Nottingham Forest da Queens Park Rangers lokacin da ya rushe a watan Maris na 2021. Miliyoyin fam na jama'a suka maƙale, kuma binciken da gwamnati ta sa aka yi daga baya ya soki yadda hukumar ta yi sakaci wajen sa ido.

Na uku shi ne tarihin kamfani a gaban hukuma, kuma shi ne mafi sauƙin dubawa domin a fili ake wallafa shi. A watan Agustan 2022 an ci Entain, mai Ladbrokes da Coral, fam miliyan 17. A Maris na 2023 kamfanonin William Hill suka biya fam miliyan 19.2, bayan da hukumar ta gano, a cikin wasu laifuka, cewa an bar wani sabon kwastoma ya kashe fam 23,000 a cikin minti 20 ba tare da an bincike shi ba. Ba kasafai ake ganin waɗannan alkaluma kusa da taurari biyar ɗin da ake manna wa kamfanonin ba.

A nan ma akwai wani abin lura. Sunaye goma a jeri ba kamfanoni goma ba ne. Sky Bet da Paddy Power da Betfair duk na Flutter ne. William Hill da 888 da Mr Green suna ƙarƙashin uwa ɗaya. Wanda ya yi fushi da wani gida ya koma wani, zai iya tarar da ɗaki kawai ya sauya.

Su wa ke rubuta jerin?

Mafi yawan shafukan kwatance dillalai ne. Idan mai karatu ya danna maɓalli ya yi rajista, shafin na karɓar kamasho, ko dai kuɗi dunƙule a kan kowane sabon kwastoma, ko kuma kaso daga abin da gidan cacar ya ci daga wurinsa a tsawon lokaci. A tsari na biyun, ribar mai ba da shawara tana ƙaruwa ne daidai da asarar wanda ya bi shawarar. Ba laifi ba ne a doka, wasu shafukan ma suna faɗi a ƙasan shafi. Amma da wuya a yarda cewa wanda ke kan gaba a jeri ya hau ne don ya fi sauran saurin biyan kuɗi.

Mafi muni su ne shafukan da ke tallata "gidajen cacar da ba sa cikin GamStop". Waɗannan ba su da lasisin Birtaniya, yawanci takardar tsibirin Curaçao suke nunawa, kuma kwastoman da suke nema shi ne wanda ya riga ya toshe kansa saboda caca ta fi ƙarfinsa.

Kamfanoni masu lasisi sun mayar da wannan kasuwar bayan fage babbar hujjarsu. Da Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta sanar a kasafin Nuwamban 2025 cewa harajin cacar intanet zai tashi daga kashi 21 zuwa 40 daga Afrilun 2026, ƙorafinsu shi ne za a kora mutane zuwa can. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma kamfanonin sun yi irin wannan kuka a kusan kowane mataki da aka ɗauka. Abin da ya fi kusa da tabbas shi ne za su nemi mayar da kuɗin harajin daga aljihun kwastoma, kuma hanya mafi shiru ta yin hakan ita ce zaɓar saitin kashi 94 a maimakon 96.

Ga mai karatu a Najeriya, lasisin Birtaniya kariya ce ga mazauna can kawai. Sunan da ya gani a rigar ƙungiyar da yake goyon baya ba ya nufin yana da inda zai kai ƙara. A gida kuwa, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 a watan Nuwamban 2024, ta ce hurumin jihohi ne. Legas na ba da lasisi tana karɓar haraji, Kano kuma, inda shari'ar Musulunci ta haramta caca, Hukumar Hisbah na rufe shagunanta. Shagon bakin titi ana iya garƙame shi da kwaɗo. Manhajar da ke cikin waya kuwa lasisinta na wata jiha ne ko wata ƙasa, kuma idan kuɗi suka maƙale, can ne mai ƙorafi zai kai kukansa.