Daga Kuala Lumpur zuwa Bankok ta Ƙasa: Yadda Ake Tsara Tafiyar Mako Guda da Guzuri Kaɗan

Malesiya da Tailan ƙasashe ne maƙwabta a kudu maso gabashin Asiya waɗanda layin dogo ya haɗa manyan biranensu, wato Kuala Lumpur da Bankok, kuma wannan layin ne ya sa mai ƙaramin ƙarfi ke iya ratsa ƙasashen biyu cikin kwana bakwai ko takwas ba tare da ya sake hawa jirgin sama a tsakani ba. Sai dai arahar irin wannan tafiya tana rataye ne a kan shirin da aka yi tun daga gida, domin kuskure guda a takarda ko a zaɓen rana yana iya cinye duk abin da aka tattala a kuɗin mota da masauki.

Abu na farko, wanda kuma ya fi kowanne nauyi, shi ne alƙiblar tafiyar. Mai fasfo na Najeriya yana buƙatar biza ta kowace ƙasa daga cikin biyun, wadda zai nema kafin ya baro gida, sannan ƙa'idar shige da fice ta Malesiya ta daɗe tana wajabta wa 'yan wasu ƙasashen Afirka, har da Najeriya da Nijar da Kamaru, su shigo ta filin jirgin sama kawai. Ma'anar wannan ita ce matafiyi ya sauka a Kuala Lumpur, ya nufi arewa ta ƙasa, ya tashi daga Bankok, domin wanda ya juya tsarin yana iya isa bakin iyaka a mayar da shi. Saboda haka tikitin jirgin saman da ya dace shi ne wanda ake sauka a birni ɗaya a tashi daga wani. Ƙasashen biyu suna neman katin rigakafin shawara daga wanda ya fito daga inda cutar take, ana so fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, kuma kowacce tana da takardar shigowa da ake cikewa ta intanet kafin isowa, wadda Tailan ta fara aiki da tata a ranar 1 ga Mayu, 2025.

Daga tashar KL Sentral, jirgin ƙasa mai amfani da lantarki da ake kira ETS, na hukumar jiragen ƙasa ta KTM, yana kai mutum Padang Besar da ke bakin iyaka cikin kimanin awa biyar da rabi. Wanda ya zarce kai tsaye ya yi asarar abin da ya fi daɗi a hanyar, domin layin yana bi ta Ipoh, tsohon garin haƙar kuza, kuma reshensa yana kaiwa Butterworth, inda ake hawa jirgin ruwa na 'yan mintoci a tsallaka zuwa George Town a tsibirin Penang, birnin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2008. Kwana biyu a can ba su yi yawa ba. A shagunan Musulmi 'yan asalin Indiya ana sayar da nasi kandar, wato shinkafa da ake zuba wa romon miya iri uku ko huɗu a faranti ɗaya har su gauraya, kuma da wannan abincin mutum yake ƙoshi da kuɗin da bai kai na shayi a babban otal ba.

Tashar Padang Besar tana da wani sauƙi da ba kowace iyaka ke da shi ba, domin jami'an ƙasashen biyu suna zaune a gini ɗaya, ana buga hatimin fita a wannan teburi a buga na shiga a na gaba. A nan ne ake mayar da agogo baya da awa guda, tunda Malesiya tana gaban Tailan da sa'a ɗaya, abin da kan rikita wanda ke duba jadawalin jirgi cikin gaggawa. Ƙaramin jirgin da ke zuwa Hat Yai bai fi awa ɗaya a hanya ba, amma sau kaɗan yake tashi a rana, don haka hikima ita ce a kama hanyar Padang Besar da sassafe. Akwai wata mashiga ta gabas a Sungai Kolok, sai dai layinta yana ratsa lardunan Narathiwat da Yala da Pattani, inda ake fama da tashin hankali tun 2004, kuma baƙo ba shi da dalilin bi ta can.

Daga Hat Yai, jirgin dare mai gadaje yana cinye tazarar fiye da kilomita 900 zuwa Bankok, kuma a nan ne tattalin yake fitowa fili, domin tikiti ɗaya ya biya kuɗin tafiya da na makwanci. Da magariba ma'aikacin jirgin yakan zo ya haɗe kujeru biyu su zama gado, ya shimfiɗa farin zane, ya rataya labule, kuma gadon ƙasa ya ɗan fi na sama tsada saboda faɗinsa da tagarsa. Kafin a hau, ya kamata Musulmi ya sayi guzurinsa a Hat Yai, inda masu abincin halal suke da yawa, musamman soyayyar kazar garin mai barbaɗin soyayyar albasa da ake ci da shinkafa mai danƙo.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Tikitin ETS yakan ƙare makonni kafin ƙaramar salla, lokacin da mutanen birni ke komawa ƙauyukansu, haka nan a sabuwar shekarar Sinawa da kuma bikin Songkran na Tailan, daga 13 zuwa 15 ga Afrilu. Watannin Nuwamba da Disamba kuwa su ne tsakiyar damina a kudancin Tailan, kuma ambaliya ta taɓa shanye Hat Yai a 2010. Game da kuɗi, ringit ake kashewa a Malesiya, baht a Tailan, kuma tunda na'urorin cirar kuɗi na Tailan suna cajin katin waje fiye da baht 200 a kowace cira, gara a ciri abin da zai isa sau ɗaya, a raba shi wuri biyu a jiki da cikin jaka.