Abin Da Ya Sa Ba A Manta Da Wasan Barazil Ba

Har yau masu son ƙwallo ba su daina zancen wasan Nijeriya da Barazil ba, na gasar Olamfik ta 1996 a Amurka. Saura kwata a tashi, Barazil na da ci 3, Nijeriya 1. Wasu ma sun fid da rai. Sai Victor Ikpeba ya rama ɗaya, Nwankwo Kanu ya cike a minti na 90.

A dokar wancan zamani, in an yi ƙarin lokaci, wanda ya fara ci shi ke da nasara, nan take a tashi. Minti 4 da komawa, Kanu ya sake jefawa, shi ke nan Barazil ta fita. An soke dokar a 2004.

A wasan ƙarshe kuma Nijeriya ta ci Ajantina 3 da 2, ta ɗauki zinariya.