Ci-rani a Filin Ƙwallo: Tafiyar Ahmed Musa daga Jos zuwa Turai

Gabatarwa

A al'adar Bahaushe, ci-rani shi ne mutum ya bar gida bayan an gama kaka, ya tafi wani gari neman kuɗi, sa'annan ya komo kafin ruwa ya sauka. A yau an faɗaɗa ma'anar kalmar, har ta haɗa da duk wanda ya tafi ƙasar waje neman abin kansa, ciki har da 'yan wasan ƙwallon ƙafa. Wannan takarda za ta bi tafiyar Ahmed Musa mataki-mataki, domin ɗalibi ya ga yadda sana'ar take gudana, kuma ya gane cewa yawan kuɗin da aka sayi ɗan wasa bai tabbatar masa da nasara. Abin da ya fi tasiri shi ne ya sami ƙungiyar da ta dace da irin wasansa.

Daga gida zuwa Holan

An haifi Ahmed Musa a Jos a ranar 14 ga Oktoba, 1992. Sunansa ya fara fitowa ne a ƙungiyar Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, adadin da ba wanda ya taɓa kaiwa a gasar Nijeriya kafin shi. Nan da nan ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta nemi ta ɗauke shi, amma sai aka sami tsaiko. Dokar hukumar FIFA ta hana a kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, sai a wasu halaye ƙalilan. An kafa dokar ne don kare yara daga dillalai masu kwasarsu zuwa Turai su watsar. Saboda haka sai da ya jira watan Oktoba na 2010 kafin ya fara buga wasa.

Venlo ƙaramin gari ne a bakin iyakar Jamus, kuma ƙungiyar a lokacin fafutukar kada ta faɗi daga rukunin farko take yi. Wannan kuwa ya yi masa rana, domin a ƙaramar ƙungiya sabon yaro yakan sami damar shiga fili kowane mako, manyan ƙungiyoyi kuma su gan shi.

Shekarun Rasha

A watan Janairu na 2012 ya koma CSKA ta birnin Mosko. Zaman Rasha ba sauƙi gare shi ba ga ɗan Afirka. Akwai sanyin da kan sa a dakatar da gasa tun daga Disamba har ƙarshen hunturu, ga harshen da ko haruffansa dabam suke, ga kuma wariyar launin fata. A 2013 hukumar ƙwallon Turai ta hukunta CSKA ɗin kanta, bayan magoya bayanta sun ci zarafin Yaya Toure na Manchester City. Duk da haka, a nan ne Musa ya fi haskakawa. Ya ci gasar Rasha sau uku, wato a 2013 da 2014 da 2016. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya ci Kofin Afirka tare da Nijeriya a 2013, sa'annan ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ko da yake an ci Nijeriya 3 da 2.

Ingila: kuɗi da benci

A watan Yuli na 2016 Leicester City, wadda ta ci gasar Firimiya a wannan shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16 da ɗoriya. A lura da kalmar "saye" a nan. Kuɗin ba aljihun ɗan wasa suke shiga ba, tsohuwar ƙungiyarsa ake biya don ta sake shi daga kwantiragi. Shi nasa albashi ne.

Babban makamin Musa gudu ne, amma ya tarar da Jamie Vardy yana yin wannan aiki a gaba. Ƙungiyar ta shiga koma-baya, aka kori koci Claudio Ranieri wanda ya kawo shi a watan Fabrairu na 2017, masu zuwa bayansa kuma ba su sa shi a lissafi ba. Ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya. Zaman benci kuwa guba ne ga ɗan wasa, domin farashinsa na faɗuwa, kocin ƙasarsa ma yana iya mantawa da shi.

Mafitar ita ce "aro", wato a miƙa ɗan wasa ga wata ƙungiya na ɗan lokaci ba tare da an sayar da shi ba. A watan Janairu na 2018 ya koma CSKA a matsayin aro, ya sake samun fili. Bayan wata biyar, a birnin Bolgograd na Rasha, ya ci ƙwallo biyun da Nijeriya ta doke Ayislan da su a Gasar Kofin Duniya. Da wannan ya zama ɗan Nijeriya mafi yawan ƙwallaye a gasar, wato huɗu.

Hanyar komawa gida

A watan Agusta na 2018 ya tafi Al-Nassr ta Saudiyya, ya ci gasar ƙasar a 2019. Bayan rabuwarsu a 2020 ya yi watanni ba ƙungiya, sai ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci a 2021 don kada ƙafa ta yi sanyi. Daga nan ya buga wa Fatih Karagümrük da Sivasspor a Turkiyya, kafin ya sake komawa Pillars a 2024. A 2025 aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Tun a 2017 ya riga ya buɗe cibiyar wasanni a Kano, alamar cewa yana tsakiyar tashe ya fara tanadin ranar da gudu zai ƙare.

Kammalawa

Ƙasashen waje biyar Ahmed Musa ya yi wasa a cikinsu cikin shekara 14. Inda aka saye shi da kuɗin da ya girgiza jama'a, nan ya fi zama a benci. Inda aka ba shi fili kuwa, nan ya ci kofuna. Sana'ar ƙwallo gajeriya ce, kuma Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan ci-rani na gaskiya shi ne wanda bai yarda hakan ta same shi ba.